Kofur da Sunaye Talatin da Biyu

Kafin hantsi Kofur maigadi ya share ƙofar asibiti, ya jera bencin masu jiran likita, yana jan ƙafar hagu, bakinsa na motsi. Ma'aikata sun ɗauka tsufa ne. Sunaye yake bita, na abokansa talatin da biyu da suka mutu a hannun abokan gaba bayan an kama su a yaƙi.

Shekara uku ya yi a tsare. Shi ke wanke gawa, shi ke haƙa rami da murfin kwano. Ba takarda ba biro, sai ya haddace sunan kowa da garinsu. Da aka sako shi bai tsaya jinya ba, ya bi gida gida yana kai wa iyalan mamatan labari. Wata tsohuwa ta ce mini, "Shekara biyar ina ajiye wa ɗana abinci. Sai da bawan Allahn nan ya zo na yi kukana na huta." Gida goma sha tara ya kai, ƙafa ta gaza.

Bai yarda kowa ya rubuta sunayen ba, wai a littafin soja ya kamata su shiga. Ya yi ta sintiri ofishin tsofaffin sojoji. Wani hafsa mai tumbi, wanda bai taɓa jin ƙarar bindiga ba sai a fareti, ya ce masa, "Baba, a wurinmu ɓata suka yi. Kai da ka miƙa wuya, wa zai karɓi shaidarka?"

Miƙa wuya! Mutumin da aka tsinta a sume cikin jini! Wallahi maganar nan tana ci mini rai, kuma abin kunya ne a kanmu duka.

Yau Kofur yake ajiye aiki. Makon jiya ya kai suna na ashirin da bakwai ya tsaya cik. Ya yi ta dukan goshi har azahar, sunan bai dawo ba.

"Baba, ka huta mana," in ji 'yarsa.

"In na huta, wa zai faɗa wa uwarsa?"

Ranar ya bari ta ɗauko littafi ta rubuta sauran.

Kofur, kai ne ka riƙe amanar da masu ofis suka yar. Mun gode, Allah ya saka maka. Mu kuma masu ƙafa biyu lafiyayyu, littafin yana wurin 'yarsa. Gida goma sha biyu suna jiran labari. Na sha ukun, gidan wanda sunansa ya ɓace, mun riga mun makara.