Rijiyar da Mailafiya Ya Rufe

Mailafiya mahaƙin rijiya ne, mutumin Gangara. Gaba ashirin ya haƙa a dajin Belbeji kafin ya tadda ruwa, kuma bai taɓa tambayar mai ƙishi sunansa ba. Ran nan kumanda, Nasaran da ke mulkin Tanut, ya aiko a cike rijiyar, wai mahara na sha.

"Don ɓarawo ya sha, sai a hana matafiyi?" in ji Mailafiya.

Bai cike ta ba. Itatuwa ya jera a bakinta, ya lulluɓe da rairayi, yana jiran Nasara ya huce. Amma maganarsa ta kai shi gidan kaso, can ya rasu da sirrinsa.

Da rani fatake huɗu suka iso inda suka saba sha, suka tarar da rairayi. Nan ƙishirwa ta kashe su, ruwa na ƙarƙashinsu.