Hannun Direba a Bangon Mai Shayi

Mahaifina ya yi shekaru yana fataucin goro a jirgin ƙasa tsakanin Abijan da Wagadugu, tun muna unguwar Zangwatan a nan Wagadugu, kafin a rushe unguwar mu kwaso komatsanmu mu dawo Zongo. Ni kuwa na tashi mai fenti. Wajen masu gyaran kamiyo, manyan motocin kaya, na koyi sana'ar, ina zana furanni da itacen dabino a jikin motocin 'yan Nijar. Baba bai taɓa kushe aikin ba, bai kuma taɓa tsayawa ya kalle shi ba. In baƙo ya tambaye shi me nake yi, sai ya ce, "Yana nan dai," ya kawo wata maganar. Wannan "yana nan dai" ta fi mari zafi a wurina.

Wata rana mai shayin bakin titinmu, mutumin Maraɗi ne mai son a san da zamansa, ya shafe bangon rumfarsa ya ce in zana masa jirgin fasinja irin na zamani. A rumfar nan Baba yake zama kowane hantsi da tsofaffin abokan tafiyarsa. Wato karon farko ke nan da aikina zai tsaya cik a gabansa, ba ya wuce shi a guje ba.

Mai shayi ya fito da wayarsa ya nuna hoton da yake so. Kan jirgi ne fari, mai dogon hanci sumul, da jan layi ɗaya tun daga baki har ƙarshen tarago. Waya ta fara zagaya benci, gardama ta kaure. Samari suka ce ai ko a tsaye yake kamar gudu yake yi. Wani tsoho ya ce wannan tarwaɗa ce aka cire wa gemu. Wani ya ce sabulu ne, ka riƙe ya suɓuce. Su a ganinsu kan jirgi na ƙwarai shi ne mai faɗin ƙirji, mai kusurwa huɗu kamar akwatin ƙarfe, wanda in ya taho ƙasa ke sanar da kai. Ni dai sabon nake so, ba na ɓoyewa. Layinsa irin wanda burushi ke ja a numfashi ɗaya ne, har ƙaiƙayi hannuna yake yi.

Da waya ta iso hannun Baba, ya nisanta ta da fuskarsa, ya daɗe yana dubawa.

"Ina direban?" in ji shi.

"Yana ciki, Alhaji," in ji mai shayi. "Gilashin na baƙi, saboda rana."

"To wa za a yi wa sannu da hanya?"

Baba ya ce a zamaninsu, in jirgi ya tsaya a lagar, wato tasha, fatake ba sa taɓa kayansu sai babbansu ya taka zuwa kan jirgi, ya ɗaga hannu ya gai da direba, ya miƙa masa farin goro ta taga. Mutum ya kwana yana jan rayukanku da dukiyarku, ku sauka ku juya masa ƙeya? Ya mayar da waya ya ce, "Wanga jirgi kyawo gare shi, amma bai da ladabi. In an zana shi, ni sai in koma zama ƙofar masallaci."

Raina ya ɓaci ƙwarai. Na san kuma in na zana direba a ciki, nan ma ba zai zauna ba, don Baba ba ya zama ƙarƙashin hoton mutum. Babu direba, laifi. Akwai direba, laifi. Kwana uku ina huci a gida, ina wanke burushin da ba su yi datti ba.

Rana ta huɗu na tafi bakin dogo na zauna, don in ga ƙafafun jirgi da kyau. Jirgin kaya ya taho, tsohon kai mai faɗin ƙirjin nan. Na ɗaga ido in ga direba, ban ga fuskarsa ba, don tagar ta yi sama. Abin da na gani kawai hannu ne, gwiwarsa a kan taga, agogo yana walƙiya. Na miƙe tsaye ban sani ba. Ashe shekarun nan duka, abin da fatake suke gaisawa da shi ke nan.

Na zana jirgin yadda mai shayi yake so, fari, hanci sumul, jan layinsa bai karkace ko kaɗan ba. Sannan na buɗe ƙaramar taga a gefen kai, na fito da hannu guda, hannun riga a naɗe, tafin a buɗe yana kallon benci.

Da aka yaye buhunan da na rufe bangon da su, wani saurayi ya fara tsiya. "Mais non, irin wannan ba a buɗe tagarsa, akwai klim mai sanyaya iska a ciki!"

Na ce, "Can ƙasarsu ke nan. Wannan Zongo ya iso, dole ya buɗe."

Aka kwashe da dariya. Wata mai sayar da ƙosai, Bamosa, ta leƙo ta ce da yarensu, "Yaa soma," wato ya yi kyau. Ni ba ita nake jira ba.

Baba ya iso da sandarsa. Ya bi jirgin da ido daga wutsiya har hanci, a hankali, kamar mai duba huhun goro. Da ya zo kan hannun sai ya tsaya. Na ga leɓensa yana motsi. Ya ɗaga hannun dama sama ya ce, "Sannu da hanya."

Sannan ya laluba aljihu ya fito da farin goro babba. Ya dubi tagar, ya dube ni, ya damƙa mini shi a tafi, da fentin da komai. Ya zauna daidai ƙarƙashin hannun, ya ce a kawo masa shayi.

Kafin azahar na ji shi da kunnena yana ce wa wani baƙo, "Ɗana ya yi shi. Mai fenti na."