Ranar da Suka Janye Hannu

'Yata ta karanta mini wani littafin labari, inda yarinyar da ke cin zalin 'yan ajinsu ta nemi gafara tana kuka. Tsaki na ja.

Ina firamare a Haɗeja, innata bandar kifi take yi, ƙarni ba ya barin tufafina. Wata rana 'yan ajinmu suka kira ni mu yi wasan gaɗa. Da na faɗa da baya don su tare ni, babbarsu ta ce, "Ku bar ta, za ta shafa mana ƙarni." Suka janye hannu, ƙeyata ta daki ƙasa.

Kwanan baya muka haɗu da babbar tasu a gidan biki. Ta rungume ni tana dariya, wai har yau ba ta manta daɗin kifin innata ba.