Ɗanyen Kifin Baba Siyone

Park Hill, biyar da kwata na asuba

Na fito da kula a hannu, matata Hajara na bi na da mita: "Malam Sani, yanzu da girmanka za ka tsallaka ruwa neman ɗanyen kifi?" Na ja ƙofa. Na gaji da bayani.

Ga bayanin, don ku na gida. Shekara huɗu ina kula da wani tsoho a Bronx, Baba Siyone, mutumin tsibirin Tonga. Kwana shida ke nan ya rufe baki, sai shayi. 'Yarsa ta ce in Litinin ta yi bai ci ba, gidan tsofaffi za ta kai shi. Shi ba ya so, ni ma ba na so. Abu ɗaya yake ambata: ota ika, ɗanyen kifin garinsu.

Jirgin ruwa

Bas ta sauke ni shida saura. Jirgin kyauta ne, minti ashirin da biyar. Na yi sallah a wani lungu, na zauna ina bitar takardar da na rubuta daga bakin tsohon: kifi, lemon tsami, kwakwa, tumatir, albasa, kokwamba.

Canal Street

Shagon kifi bai buɗe ba sai takwas. Na tsaya wajen Isufu, wani ɗan Nijar mai sayar da jakunkuna. Da ya ji abin da ya kawo ni, ya ce, "Alhaji, gaba kaɗan akwai masu sayar da shi a haɗe, poke suke ce masa. Saya ka huta."

Na ce, "Na saya ranar Laraba. Tsohon ya leƙa, ya ga shinkafa da baƙin ruwa, ya ce na tsibirin Hawayi ne, in ba kyanwa."

"To ɗanye ai ɗanye ne!"

"Kai tuwon Zinder da na Kano ɗaya ne a wurinka?"

Da aka buɗe, na sayi kifin tuna wanda mai shagon ya rantse ana cinsa haka, na danne da ƙanƙara, na haɗo sauran kayan da ke takardar.

Jirgin ƙasa na D, zuwa Grand Concourse, unguwar tsohon

Minti arba'in, kula a tsakanin ƙafafuna, kwakwa biyu na gungurawa cikin leda. Tara da rabi na shiga gidan.

Tsohon ya sa na turo kekensa na marasa lafiya kicin. Mutumin da ya kwana shida ba ya cin abinci, yau ya zama soja. Na yanka kifin, ya ce ya yi girma. Na goge kwakwa da abin gugar kuɓewar Hajara, na matse a tsumma har hannuna ya sage. Da na zuba lemo, na so in bar shi awa guda ko ya ɗan nuna. Ya buga tebur: wai in kifin ya daɗe a lemo ya mutu, kuma kada in cika kokwamba, wannan aikin mutanen Tahiti ne. Na Samowa kuwa ruwa ya yi musu yawa, miya suke sha. Kowa dai bai iya ba sai Tonga.

Na ajiye masa. Ya ture kwanon tsakiyarmu. A garinsu, in ji shi, ba a cin wannan mutum ɗaya.

Jama'a, shekarata hamsin da uku, ban taɓa sa nama ko kifin da wuta ba ta gani ba a bakina. Na zaro ƙullin yajin da ba na rabuwa da shi, na barbaɗa gefena, na yi bisimilla, na rufe ido. Sanyi, tsami, garɗi. Bai kashe ni ba.

Ya ce, "Mene ne wannan jan?" Ya kai cokali gefena. Ya yi tari, hawaye suka zubo, ya sake kaiwa. Ya ce, "Wannan na wane tsibiri ne?"

Na ce, "Kano."

Kwano biyu ya ci. Na ɗauki hoto na tura wa 'yarsa. Ta rubuto: a manta da zancen Litinin.

Gida

Na iso bayan magariba, ƙafafuna kamar ba nawa ba. Godiya ga Allah da ya kai ni ya dawo da ni, da Hajara da ta ba da aron abin guga ba da saninta ba. Yajin kuma tsohon ya riƙe. Ya ce Asabar in zo da kwalba guda.