Na Ƙirga Buhunan Ƙungiya Daga Bakin Ƙofa

Shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a a Katsina, ina noma a wani ƙauye kusa da Daura, kuma ba a taɓa jin bakina a faɗa ba. A shekarar muka kafa ƙungiyar gama-kai, mu talatin, don mu huta da masu ba da bashi da ruwa. Kowa zai kawo buhun wake biyu da kaka, a ajiye a sito, a sayar da bazara, a ranta wa mabuƙaci kuɗin taki ba ruwa. Mai shanu goma da mai akuya ɗaya, ƙuri'arsu ɗaya-ɗaya ce. Aka zaɓi shugaba da ma'aji da mai sa ido. Ni aka ba sa idon, wai don ina da haƙuri.

Dokarmu ta ce duk wata in shiga sito in duba buhunan ɗaya bayan ɗaya. Sai dai ma'ajin ƙanin mahaifin matata ne, ko sunansa ba na kamawa. In na je sai in cire takalmi in durƙusa, ya buɗe ƙofa ya tsaya a bakinta yana tambayar lafiyar yara, ni kuwa in ƙirga abin da idona ya hango, in dangwala yatsa a takarda. Sau ɗaya na daure na ce, "Baba, ko in leƙa ciki?" Ya yi dariya, ya ce ashe ajin yaƙi da jahilcin da na shiga har binciken iyaye ake koya mana. Ban sake ba.

Ranar sayarwa dillali ya zo daga Mashi, aka janye buhunan layin gaba. Na baya duk ƙwari sun mai da su gari. Baba bai ɗauki ko tiya ba. Maganin ƙwarin ya ga ya yi tsada, ya ce toka ta ishi kakanninmu. Da na shiga tun watan farko, da taro ya tilasta masa saye. Wani da ya sayar da tunkiyarsa ya cika nasa buhunan ya tambaye ni a ina na ajiye idon da aka ba ni. Har yau abin yana ci mini rai, don babu ɓarawon da zan nuna.

Duk wanda jama'a suka ba shi amana, ya bar kunyar surukuta a gida, ko kuwa ya ce a zaɓi wani. Mun yi asarar buhu arba'in da ɗaya, da takin damina guda, da mutum goma sha tara da ba su sake zuwa taro ba.