Lagwanin 'Yar Kalgo

Da azumin bana Adda ta cika shekara ashirin da bakwai a ƙasa. Adda ita ce mahaifiyata, amma ban taɓa ce mata Inna ba, ita ma har ta koma ga Allah ban taɓa jin sunana "Maryama" ya fito daga bakinta ba. Ni ce 'yar fari, kuma a gidajenmu na Gwandu a wancan zamani uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta yi masa wasa, ba ta ma yarda a kama ta tana kallonsa. Kunya ke nan. Ana yaye ni aka miƙa ni ga Goggo Hajo, yayar babanmu, a Kalgo. Tun daga ranar sunana a bakin Adda ya zama "'yar Kalgo".

Kowa ya ce mini al'ada ce, ni ma na sani. Amma yaro ba ya cin al'ada ya ƙoshi. Na girma da tambaya ɗaya maƙale a wuya: matar nan kunyata take ji, ko dai ba ta damu da ni ba ne?

Sana'ar Adda kyandir. Ta fara ne a shekarun da kananzir ya yi wuya, har mutum ya yini da kwalba a hannu ya dawo da ita wayam. Masu kawo manja daga Kurmi zuwa kasuwar Jega sukan zo da wani farin kaki mai tauri da ake fitarwa daga manjan, masu sabulu ke saye. Adda ta gane ba ya lanƙwashewa ko a zafin bazara, sai ta mai da shi abin yi. Da sanyin safiya take aikin. Ta sa kakin a kwano, ta ɗora kwanon cikin tukunyar tafasasshen ruwa, don in ya ji wuta kai tsaye ƙonewa yake yi. Mazubinta karan ganyen gwanda, mai rami a ciki. Ta toshe gindinsa da yumɓu, ta zura lagwanin da ta murɗa da abawa, ta ɗaure shi a tsinke, ta kafa karan cikin jiƙaƙƙen yashi, sannan ta zuba. In ya daskare ta tsaga karan da reza, kyandir ya fito fari tas, da zane-zane a jikinsa kamar gishiri ya kwanta.

Lokaci-lokaci direban motar Kalgo kan kawo mana ƙunshin kyandir daga Adda, da saƙon da ba ya canzawa: "A ba Goggo, na gida ne." Ba a taɓa cewa a gaishe ni ba.

Wata ƙaramar Sallah, ina ajin farko na sakandare, aka kai ni Gwandu. Aka ba ni shinkafa in tsince, na kifa fuskata a faifai har hancina na neman taɓa ƙwayar, don tun ina ƙarama idanuna ba su da ƙarfi, ban kuma san haka ba, na ɗauka kowa haka yake gani. Ƙannena suna ta dariya. Adda tana gefe tana murza abawa a cinya, ko kai ba ta ɗaga ba.

Bayan Sallar nan kyandirin da ake kawo mana ya lalace. Lagwaninsa ya yi kauri, harshen wutar ya yi tsawo, kafin ka ankara ya zube ya ƙare. Goggo Hajo kuwa bakinta ba ya da linzami. "Wanga wane irin aiki na? Masu kyau ta kai kasuwa, tarkacen ta turo muna! In ba ta iya ba ta bari mana." Ni ina karatuna a gabansa bayan magariba, ina jin maganar Goggo tana shiga ni har ƙashi. Na ce a raina, ashe ko a kyandir ma rabona shi ne ragowa. Rashin sani ya fi dare duhu, wallahi.

Yau in na ga matan zamani, nakan yi dariya ni kaɗai in ce ina ma Adda ta leƙo. Uwa ta rungume ɗan fari a gaban surukai, ta kira sunansa da ƙarfi, ta ɗora hotonsa a waya duniya ta gani. Da Adda ta ja mayafi ta rufe fuska ta ce, "Subhanallahi, ido ya bushe." Fitilar nan mai cin hasken rana kuwa, na san sai ta juya ta gaba da baya tana neman inda lagwanin yake, in ba ta gani ba ta ce ba ta yarda da ita ba. Ban ce zamaninsu ya fi namu ba. Ni da kaina na sha ɗacin waccan kunyar, kuma ɗana na fari da sunansa nake kiransa, har maƙwabta sun gaji da ji. Kowa da kiwon da ya karɓe shi.

A shekararta ta ƙarshe ciwo ya kama ta, hannunta ya soma rawa. Lokacin na yi aure, ina koyarwa a firamare, da tabarau a fuskata. Na ɗauki hutu na tafi jinya, kuma ba zan ɓoye ba, na tafi da niyya. Na ce ko za a ce na yi rashin kunya, sai na tambaye ta abin da na yi mata kafin ƙasa ta raba mu.

Wata safiya ta dage sai an zuba kyandir, wai akwai masu jira. Aka shimfiɗa mata tabarma a inuwar rumfa, ƙanwata Luba tana kan tukunya, ni aka ba ni abawa. Na murɗa lagwani irin wanda na tashi ina gani, mai kauri, ninki biyu. Adda ta miƙa hannu ta ɗauki ɗaya, ta shafa shi tsakanin yatsunta. Ba ta dube ni ba, Luba ta duba.

"Ke Luba, ce ma 'yar Kalgo ta rage. Wanga ba na kasuwa ba na, cin kaki garai. Na mai raunin ido na, don haske shi ishe shi." Sannan ta ƙara, "Ita ko yanzu ta samu tabarau."

Zaren ya faɗi daga hannuna. Na tuna faifan shinkafa, na tuna matar da ko kai ba ta ɗaga ba. Ashe ta gani. Ashe shekara da shekaru tana ware nawa daban, tana murɗa shi da hannunta, tana asarar kaki, tana shan gorin Goggo a kan ba ta iya aiki ba, ba ta taɓa kare kanta ba don karewar za ta tona ta. Na tashi na zagaya bayan rumbu na yi kuka mai isata. Da na dawo Adda ta ce da Luba hayaƙi ya yi yawa, a gyara icen. Tambayar da na ƙunso daga Kalgo ban yi ta ba, kuma ban sake buƙatarta ba.

Sana'ar ta bi ta. Luba ta ɗan riƙe, daga baya fitilu masu batir suka cika kasuwa, gwandar gidan ma an sare ta an yi ɗaki a wurin. Abin da ya saura ni ce, da karatun da na yi a gaban wutar nan, da yaran da na koyar. Har yau in na shiga aji, kafin in buɗe littafi sai na duba wa ke kifa fuska a takarda, in dawo da shi gaba ba tare da na faɗi dalili ba. Wannan gadon Adda ne.

Ina kewarta, kuma har gobe ina jin da ta kira ni sau ɗaya. Amma na daina cewa ba ta taɓa yi mini magana ba. Allah Ya ji ƙan Adda, Ya haskaka kabarinta, Ya ninka mata hasken yadda ta ninka mini.