Ƙuri'ar Dona Osmarina

Kafin Dona Osmarina Pantoja ta shiga siyasa, ungozoma ce. Rabin mutanen garinmu, Vila Tucumã, a hannunta suka faɗo duniya, har da 'ya'yana uku. Gajeriyar mace ce mai kakkausar murya, a tsaye take shan kunun 'ya'yan itacen açaí da garin rogo tana yi wa mutane faɗa.

Rashin asibiti ne ya tura ta siyasa. Garinmu a bakin kogi yake, duk wadda haihuwa ta zo mata da gardama sai an sa ta a kwale-kwale a nufi birni, kuma da yawa ba sa isa. Da 'yar ƙanwarta ta rasu a hanya, Osmarina ta tafi taron jam'iyyar masunta da manoma, ta ƙwace lasifika daga hannun mai jawabi. Ba a daɗe ba ta zama shugabar jam'iyyar a yankin kogi gaba ɗaya.

Maza sun yi ta zolayarta. Edivaldo mai gyaran inji ya taɓa ce mata a kasuwa, "Dona, ina ke ina majalisa? Ki tsaya a yankan cibi mana."

Ta ce, "Ni na karɓe ka, Edivaldo. Da ƙafa ka fito, kuma har yau kanka bai iso ba."

Kasuwa ta kwashe da dariya. Shi ma ita ya zaɓa. Ta ci kujerar majalisar jiha sau biyu, kuma duk shekara sai ta kai maganar asibiti, a tafa mata, a ajiye.

Sai gwamna ya zo da batun madatsar ruwa a koginmu. Majalisa ta rabu biyu daidai, ƙuri'arta ce za ta raba gardama. Ya kira ta, ya yi mata alkawarin asibiti a sabon garin da za a gina mana kan tudu. Ta dawo ta tara mu a gaban coci.

Ta ce, "Ko na ƙi, za su sayi wani su gina abinsu. Gara mu tashi da asibiti a hannu."

Seu Anacleto, tsohon masunci, ya miƙe. "Kaburburanmu fa, Osmarina?"

Mijinta ma a can yake kwance. Ta koma birni ta jefa ƙuri'ar amincewa.

Ruwa ya zo a hankali, ya ci gonakin rogo, ya ci kasuwa, ya ci coci da maƙabarta. Muka koma tudu, cikin gidaje iri ɗaya masu zafi kamar tanda. Asibiti kuwa harsashi aka zuba aka tafi, yau awaki ke kwana a wurin. Ta yi ta zarya ofishin gwamna har masu gadi suka daina miƙe mata. Jam'iyya ta ga mutane sun juya baya, ta cire ta daga shugabanci ta ba wani matashin lauya. A zaɓe na gaba, ko a akwatin unguwarta ba ta ci ba.

Ta dawo ta zauna a gidan da ke jikin nawa. Babu wanda ya zage ta, gaisuwa kawai aka daina. Muryar nan tata ta dushe. Nakan kai mata soyayyen kifi, ta karɓa ta ce, "Na gode, maƙwabciya," ta rufe ƙofa.

Da ciwo ya kama ta, ta roƙe ni in samo mai kwale-kwale. Muka fita tsakiyar tafkin, tana rungume da furanni. Ruwa ne ko'ina, ba bishiya, ba alama.

Ta tambayi matuƙin, "Nan ne maƙabartar?"

Ya waiga hagu da dama. "Ina jin nan ne, Dona."

"Kana ji, ko ka sani?"

Ya sunkuyar da kai. Ta daɗe tana kallon ruwan, sannan ta saki furannin, ta ce mu koma.

Ta rasu farkon damina. Ni da Edivaldo da wasu mata kaɗan muka raka ta sabuwar maƙabartar tudu. Seu Anacleto ya zo da sandarsa, ya tsaya daga nesa, ya cire hula, bai matso ba.